Murmushin Baba da Ruwan Kwara

Allah ya yi babana da fuska mai murmushi. Ko gaisuwar mutuwa ya je sai an harare shi. Ba laifinsa ba ne, haka bakin yake.

Shekarar da kogin Kwara ya cika ya tumbatsa, Baba ya ga ruwa yana tsattsafowa ta gindin tudun ƙasar da ke tare gonakin shinkafa a ƙauyenmu na Garou. In ya ɓalle, gonarmu ce ta farko, ita ce kuma abincinmu na shekara. Bayan sallar asuba ya miƙe a masallaci ya faɗa, yana murmushi. Aka kwashe da dariya. Liman ma cewa ya yi, "Alhaji, ba ka rabo da ba'a!"

Na goya shi a babur ɗina muka tafi kasuwar Malanville, muka ɗauko mai tallar maganin basir, wanda lasifikarsa ko kurma sai ya waiga. Ya zaga gari yana ƙaraji: "Ruwa! Ruwa na tahe! Wanda yaj ji shi hwaɗa ma wanda bai ji ba!" Jama'a kuwa suka fito, kowa da kwalbarsa. Wata tsohuwa ta riƙe mini riga, wai a zuba mata na ciwon baya. Mutumin ya sayar da kayansa kaf, ya yi mana godiya ya tafi. Ranar kamar in haɗiyi zuciya.

Muka koma gida muna jajantawa, Inna tana jinmu, tana tankaɗe. Ta kakkaɓe hannu ta shiga maƙwabta, ta ja matar gidan gefe ta rage murya: "Don Allah kak ki hwaɗa ma kowa. Maigidana ya ga ruwa na hudowa, shina so shi kwashe tashi shinkahwa a ɓoye."

Kafin la'asar gari ya koma bakin gona, da fartanya da buhunan yashi, har da masu kwalba. Aka toshe wurin.

Sai liman ya juyo, laka har gwiwa. "Alhaji, ka san da wagga masifa kay yi shiru? Ba ka tsoron Allah?"

Mutane suka yi masa caa. Ina kusa da Baba, na ga hawaye na bin gemunsa.

"Ku dube shi," in ji wani. "Dariya ma shikai muna!"