Kek ɗin Glenda a Majalisar Jiha

Duk wanda ya zauna a garin Cedar Fork ya san Glenda Puckett, kuma ya san bakinta. Yara biyar ta koyar a teburin kicin ɗinta. Addu'a da safe, sai lissafi, sai Littafi Mai Tsarki, ba wanda ya taɓa zama ajin gwamnati sai Tabitha, autarta. Ita ma wata uku kawai ta yi. Yarinyar tana da nauyin karatu, haruffa na juye mata, yara suka sa ta gaba da dariya har ta daina cin abinci. Glenda ta je ta ɗauko abarta.

Iyaye masu koyar da yara a gida suna da al'adarsu. Duk shekara idan majalisar jiha ta zauna, sai su gasa kek ɗin ceri, wato mai jajayen 'ya'yan itacen nan a ciki, su cika motar coci, su bi ofis-ofis suna raba wa 'yan majalisa da murmushi. Ba kwalin zanga-zanga, ba ihu. Glenda ce kan gaba, kuma nata kullum na Merle Strickland ne, wakilin yankinsu, dattijo a cocinsu. A tunaninta, mutumin da ya ci kek ɗinki shekara da shekaru, yana rera waƙa a benci ɗaya da mijinki, ai naki ne. Haka kawai! Wa ya ce mata?

Bana sai ga ƙudurin doka: duk yaron da ake koyarwa a gida zai rubuta jarrabawar gwamnati, wanda ya faɗi a mayar da shi makaranta. Merle ya sa hannu yana goyon baya. Tabitha kuwa ba za ta ci wannan jarrabawa ba, uwarta ta fi kowa sani.

Ranar kai kek, a mota matar fasto ta yi ta lallashi. "'Yar'uwa Glenda, don Allah a yi murmushi. Da daɗin baki muke samun su."

"Ke yi. Ni haƙorana sun gaji."

Ta shiga ofishin Merle riƙe da hannun Tabitha, ta dangwarar da kek a kan tebur.

"A'a, 'yar'uwa! Na ceri ne dai?" in ji Merle, har yana lasar baki.

"Ɗan'uwa Merle, dubi yarinyar nan. Kai ka yi mata addu'a a gaban ikilisiya lokacin da ta daina cin abinci. Yau kuma kai za ka mayar da ita can?"

Merle ya cire tabarau. "Glenda, kin ji labarin yaron nan da aka samu a kulle a ɗaki, iyayensa na cewa karatun gida yake. Ko harafi bai sani ba. Wani ya kamata ya riƙa leƙawa."

"To a leƙa! Ƙofata a buɗe take, ka zo ka zauna ka ga yadda take fama. Amma takarda ɗaya ce za ta raba ni da 'yata? Allah ne ya ba ni ita ko majalisa?"

"Za mu sa ta a addu'a."

Nan fa ran Glenda ya gama ɓaci. Mutum yana riƙe da ƙuri'a a hannu, wai addu'a zai ba ka!

"Riƙe addu'arka, ina da tawa," ta ce, ta ja yarinyar suka fita.

Da yamma ƙudurin ya tsallake kwamitin majalisa. A hanyar komawa ko matar fasto ba ta ɗaga waƙa ba. Glenda na ta huci tana lissafa waɗanda za ta buga wa waya, sai ta ji an taɓa hannunta.

"Mama," in ji Tabitha a hankali, "in na faɗi, laifina ne za a ce ba ki iya koyarwa ba?"