Adudun Goggon Leda

Da kamawar watan nan, shekara tara ke nan da rasuwar ƙanwar mahaifina, wadda duk unguwar New Bell ta sani da Goggon Leda. Ba don yabo aka sa mata sunan ba. Na so in yi mata addu'a a ɗaki in yi shiru kamar kowace shekara, amma abin da na gani makon jiya ya hana ni.

Goggo ta zo Douala da hannun ɗinkin faifai, ta tarar babu kabar da ta saba da ita a arewa. Abin da ke akwai shi ne leda, wadda ke toshe mana kwata duk damina har ruwa ya shigo tsakar gida. Sai ta riƙa tsince ta, ta wanke da sabulu, ta shanya. Ta yanka siriri-siriri, ta haɗa da tsummokaran gida, ta murza igiya. Ulu kuwa daga rigunan sanyi na gwanjo take warware shi. Daga cibiya take farawa, tana naɗe igiyar da ulu, tana soka basilla cikin zagayen da ke ƙasa, har adudu ya tashi da murfinsa.

Mu da muka yi boko kunya muke ji. Ni kaina, in na taso daga ofis da ƙawaye na hango ta sunkuye a bakin kwata, kawar da kai nake yi. Ranar sadakar bakwai, buhu uku na ledar da ta wanke ta ware kala-kala, da hannunmu muka kai bola. Har yau ban yafe wa kaina ba.

Makon jiya wata ƙungiyar mata ta yi baje koli a unguwar Akwa, wai “recyclage”, wato mayar da shara abin amfani. Balkisu, matar ƙanena, tana cikinsu. Ta ari adudun da Goggo ta bar mini, ta ce ado za a yi da shi. Na je na tarar da shi a tsakiyar tebur, an haska shi da fitila, ana ta ɗaukar hoto. Takardar da ke gabansa ta ce aikin ɗaliban ƙungiyar ne bayan sun samu horo. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na kife adudun a gaban shugabar ƙungiyar. A gindinsa, inda ulun ya cinye, wani shuɗin yadi yana leƙowa, rigata ce ta firamare. Na ce a rubuta sunan mai shi.

“Ma chère, ƙawata,” in ji ta, “baƙinmu mata masu takarda suke son gani. Wa ya san tsohuwar?”

Balkisu ta ja ni gefe, ta ce, “Yaya, don Allah kada ki ba mu kunya.”

Kunyar dai da muka yi ta jifan Goggo da ita tana raye. Na rungumi aduduna na fito, raina a ɓace.

Na yi ta tunanin me Goggo za ta ce da ta ga wannan rana. Ba na jin za ta fusata kamar ni. Na fi zaton za ta ɗaga sauran kwandunan, ta latsa su da babban yatsa, ta ce ɗinkin ya yi sako-sako, ta nemi basilla ta zaunar da 'yan matan. Ta sha kirana in zauna in koya, ina ce mata ina da karatu. Yau a zuriyarmu kaf babu mai iya ɗaura ko da cibiyar.

Hannun ya tafi da ita, kuma mu muka bari ya tafi, ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi. Saura sunan, shi ma ana neman a ƙwace. To, ga shi a jarida, inda masu takarda ke karantawa: Hauwa'u 'yar Malam Isa ce ta ɗinka adudun nan, ba ta taɓa shiga aji ba. Allah ya jiƙanta, ya yafe mana.