Waken da Tsutsa Ta Ƙi Ci

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da taubashina. Ina rungume da kwanon samira ɗaure a tsumma, cikinsa dafaffen wake. Shi yana riƙe da sandarsa, bakinsa kuwa tun daga ƙofar gida bai huta ba.

Ga abin da ya fitar da ni. Da damina malamin gona ya kawo mana sabon irin wake. Ya ce masu bincike ne suka gyara shi, tsutsar da ke huda kwanso ba ta cin sa. Kowa ya san yadda shekarun nan suke. Taki ya gagara, maganin feshi ya gagara, gero ya koma sai da gwangwani. Na karɓa na shuka a gonar bayan gida, ya kuwa yi. Tun da nake noma ban taɓa cika buhu uku na wake ba sai bana. Shi ne abincinmu har wata kakar, babu wani.

Sai maiɗakina ta kwanta. Ciwon kai, amai, ƙirji ya riƙe. In ta wuni a tsakar gida ta ji sauƙi, gari na wayewa ta koma kamar jiya. Ana cikin haka ɗan akuyarta ya mutu. Magana ta cika gari: abin da tsutsa ta ƙi, ta yaya mutum zai ci ya zauna lafiya? Aka ce ɗan akuyar ma harawar waken ya ci. Yayana ya zo har zaure ya ce in haƙa rami in binne buhunan. Na ce in na binne, me za mu ci? Ya ce shi dai ya faɗa mini. Na ce to zan je wurin waɗanda suka yi irin. In guba ne, da hannuna zan binne.

Daga garinmu zuwa bakin titi a ƙasa muka taka. Ƙasarmu ba ta da daji. Gida, gona, gida, gona, kowace da kukarta ko ɗorawarta. An tattara kara an jingine a jikin bishiyoyi, jakuna sun fara kai takin gida gona. A tashar Tsanyawa muka sami bas. Da kwandasta ya faɗi kuɗin mota, taubashina ya tambaye shi ko har da abincin rana a ciki. Aka matse mu huɗu a kujerar mutum uku, ga tunkiya a ƙarƙashinmu tana cin bakin rigata.

“Riƙe kwanon nan nesa da ni,” in ji taubashina. “In za ka mutu, mutu kai kaɗai.”

Na ce wa ya roƙe ka ka biyo ni?

“Wa zai dawo da hularka gida?”

Titin da sauƙi har Bichi, sai dai ramuka nan da can, direba yana kauce musu kamar ya haddace su. A Bichi masu talla suka rufe tagogi da gyaɗa da rogo da ƙwai. Ƙullin gyaɗar ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma. Babu wanda ya saya sai wani mahauci da ke gaba, shi ma ƙulli ɗaya. Kowa a motar yana jin taunarsa.

A Dawanau muka sauka. Na sha jin labarin kasuwar, ganinta daban ne. Buhuna jere sun fi rumbunan garinmu tsawo, manyan motoci suna ɗiba. Na tsaya na tambayi kuɗin buhun wake. Da aka faɗa, na tuna uku gare ni a gida, ana cewa in zuba su a rami. Na ja taubashina muka wuce.

Muka hau a-daidaita-sahu ta wajen Ungogo. Can gida ya cinye gona. Ka ga an ja harsashin bulo, a tsakiyarsa kututturen gero, mai filin ya noma ɗakin kwanansa kafin ya samu kuɗin rufi. Direban ya san gonar gwajin da malamin gona ya kwatanta mini, ya ajiye mu a bakin ƙofa.

Maigadi ya ce ina takardata. Na ce ba ni da takarda, kwano gare ni. Ya dube ni, ya dubi kwanon, ya shiga ciki. Jim kaɗan wata malama ta fito, farar riga a kan hijabinta, ba za ta girmi ’yata ta fari ba. Ta gaishe mu har ƙasa, ta sa aka kawo benci da ruwa.

Ban yi dogon bayani ba. Na kwance tsumma na buɗe kwanon.

“Wakenku ne. Matata tana kwance. In lafiya lau yake, ki ci.”

Taubashina ya taka mini ƙafa. Ita ko a jikinta.

“Baba, wannan da aka dafa, an sa masa maganin ƙwari?”

Na ce a’a, wannan daga tulu yake, a toka muka ajiye na ci. Na buhu ne na sa wa magani.

Ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta kai loma. Ta ƙara. Taubashina ya miƙa wuya yana kallon maƙogwaronta.

“Gishiri ya yi kaɗan,” in ji ta.

Na ce shi ma ya yi tsada.

Ta yi dariya, sannan ta shiga tambaya. Wa da wa ke cin waken a gida? Na ce dukkanmu, har jikoki. Wa ya kwanta? Ita kaɗai. Harawar fa? Awaki duka suna ci. Wanne ya mutu? Ƙaramin. Ina yake kwana? Na ce a ɗakinta, don uwarsa ta mutu, kuma bana ko kaza ba a bari a waje.

“Buhunan fa, ina suke?”

Na ce a ɗakin nata, bayan gado. An fasa rumbun maƙwabcina bayan kaka, kowa ya kwashe hatsinsa ya kai inda yake kwana. Nawa na kai ɗakinta don ƙyaurensa ya fi ƙarfi, taga kuma na toshe ta da laka.

Ta ajiye kwanon. Ta ce wane magani na sa. Na ce ƙwayar nan da muke kira bam, a ƙulle a tsumma a cusa cikin buhu. Na sa bibbiyu don ya fi kamawa.

“Ɗakin yana warin tafarnuwa?”

Maiɗakina ta faɗa mini haka ba sau ɗaya ba. Ni na ce mata hancinta ne.

“Baba, ƙwayar nan iska take fitarwa, ita ke kashe ƙwaro. Buhu ba ya riƙe ta. Duk mai numfashi a ɗakin shaƙa yake. Kuna da waya?”

Taubashina ya zaro tasa ya kira gida. Bai taɓa yin gajeriyar magana irin ta ranar ba. Ya ce wa ɗansa a fito da maiɗakina yanzu, a buɗe ƙofa, a fasa tagar ta waje, kada kowa ya shiga. Muka jira har aka kira aka ce tana gindin darbejiya, tana faɗa an fasa mata taga. Da na ji tana faɗa, na sha ruwan da aka kawo mini tun ɗazu.

Malamar ta ce ita ba likita ba ce, in kai maiɗakina asibiti in faɗi sunan ƙwayar. Ta zaga da mu gonar gwajin, wadda suke ba ruwa da rani. Layi biyu na wake a cikin rumfar raga, ɗaya kwansonsa duk huji, ɗaya sumul. Ta ce irin yana kare kansa daga tsutsar gona ne kawai, ƙwaron ajiya kuwa sai an yi masa dabara. Ta nuna mana buhu mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace tam, ƙwaro ya rasa iska ya mutu, ba magani. Kafin mu tashi taubashina ya jawo kwanon ya cinye sauran. Ya ce kada a yi almubazzaranci.

A dawowa na sayi irin buhun a Dawanau. Mun iso gida kafin magariba. Na tarar yayana bai jira ni ba, ya sa an haƙa ramin a bayan danga.

Washegari na kai maiɗakina asibitin Tsanyawa. Suka duba ƙirjinta, suka ba ta magani, suka ce kada ta sake kwana da buhun. Yanzu tana daka, tana faɗa, tana cin waken fiye da kowa. Da ɗakin ya sha iska muka fito da buhunan, muka baza waken a tabarma ya wuni a sarari. Tsummokaran maganin na ɗebe su da tsinken kara.

Abin da na koyo kaɗan ne. Mun zargi abin da ya zo daga nesa, alhali mai laifin, wanda muka saba da shi, yana bayan gado. Tambayar da malamar ta yi mini ba ta boko ba ce, wa ya ci, wa ya kwanta, ina yake kwana. Tsoro ne ya hana mu yi wa kanmu ita.

Ramin yayana bai tashi a banza ba. Tsummokaran na zuba a ciki na mayar da ƙasa. Shi kuma na aika masa da kwanon wake. An dawo da kwanon a wanke.