Tiyo da Tsoho Mai Safar Hannu

A ofishin kashe gobara ba wanda ke kiransa da wani suna sai Tiyo, don dogo ne siriri, in ya zauna kuma sai ya naɗe ƙafafu kamar an tattara shi za a jefa bayan mota. Ya yi shekaru yana shiga wuta yana fita, ko gashin girarsa bai taɓa ƙonewa ba. Ranar da ƙaddara ta same shi kuwa, a tsakar ofis ta same shi, ya hau tsani zai canja ƙwan fitila. Tsani ya zame, gwiwa ta goce. Har yau in aka tambaye shi wace gobara ce ta bar shi da ɗingishi, sai ya gyara murya ya ce, "Babba ce ƙwarai. Ta ƙwan fitila."

Da ya warke, ogansu ya kira shi ya ce hawan mota ya ƙare. Aikinsa daga yanzu shi ne zagaya makarantu da kasuwanni da masana'antu, yana koya wa mutane yadda za su kiyaye gobara.

"Yallaɓai, ni? Ni da ko gaisuwa sai na yi tuntuɓe a cikinta?"

"Ai ba da gwiwa ake magana ba," in ji oga, ya miƙa masa jar tukunyar kashe wuta.

Jawabinsa na farko a ɗakin cin abinci na wani kamfanin sabulu ya yi shi, ma'aikata sun ci sun ƙoshi, fanka na juyawa a hankali. Ya kafa ido a takarda yana karanta ire-iren wuta da maganin kowacce, bai ɗago ba sai da ya ji minshari a layin gaba. Da ya ce "na gama", aka ɓarke da tafi har da masu miƙewa tsaye. Ya fita yana jin daɗi. Sai a hanya ya gane kalmar da aka tafa wa.

Matarsa tana guga ya ba ta labari. Ta yi dariya har ta ajiye dutsen guga.

"Baban yara, kai da ke sa mu riƙe ciki a gidan nan in kana ba da labarin faɗowarka, me ya kai ka karanta musu takarda?"

"Can aiki ne, ba wasa ba."

"To, ai ka ga aikin da suka yi maka."

A taro na gaba, a wata makarantar koyon ɗinki, ya bar takardar a aljihu. Ya fara da labarin tsani, ya kwaikwayi yadda ya yi iyo a iska yana neman abin kamawa. Ɗaki ya ɗauki dariya. Kafin bakuna su rufu ya ce, "Ni ke nan da nake ganin gabana. Ku kuma da za ku sauko daga benen nan cikin hayaƙi, wa ya san inda ɗaya ƙofar take?" Aka shiga waige-waige. Ranar ya gane mutum in ya yi dariya kunnensa a buɗe yake.

Daga nan Tiyo ya zama abin nema. Shugabannin makarantu suna roƙon a turo musu shi, 'yan kasuwa suna rufe shago don su ji shi. Kansa ya fara girma, shi da kansa yake faɗi, har hular aiki ta soma matse shi. Ya gaji da yi wa kansa dariya, ya koma yi wa wasu. A kowane taro sai ya zaƙulo babba, manaja ko shugaban makaranta, ya ɗora masa tukunya a hannu yana tsokanarsa, na ƙasa suna shewa. Yawanci manyan kan daure su yi dariyar yaƙe, shi kuma ya ɗauka sun ji daɗi.

Ana haka aka gayyace shi wani kamfanin kwali da ya ɗauko ma'aikata daga wata ƙasa mai nisa don su kafa sababbin injuna. Ba sa jin yarensa, ba ya jin nasu. Nas ɗin kamfanin, wadda ta yi karatu a ƙasarsu, ita ce tafinta. Suka zauna a jere cikin sito, tsakanin tulin kwalaye, kowa hannu a kan gwiwa. Ya ba da labarin tsani, suka gyaɗa kai cikin tausayi, wani ma ya kawo masa kujera. Bai saba da haka ba. Ya duba ya hango wani tsoho mai furfura a tsakiya, sanye da safar hannu a hannun dama duk da zafin da ake yi.

"Kaka, taso. Kada ka ji tsoro, tukunyar nan jikarka ce, ba ta cizo."

Nas ta fassara a gajarce. Tsoho ya taso. Sauran suka yi murmushi, Tiyo ya ce a ransa, yauwa, sun fara narkewa.

"Sanyi kake ji ne, Kaka, ko kunya hannun yake ji? Cire safar mu gani, fil ɗin tukunyar nan ba ya zaruwa da safa."

Nas ta ƙi fassarawa. Amma Tiyo ya riga ya nuna da hannu, tsoho ya gane. Ya cire safar a hankali. Hannun duk tabon ƙuna ne, yatsu biyu sun manne da juna. Ya zare fil da su, ya nuna bakin tukunya ƙasa daidai yadda ake yi, ya ajiye, ya koma wurinsa. Murmushin sauran bai gushe ba, sai dai ba wanda ke kallon Tiyo.

A bakin ƙofa nas ta tare shi. "Malam, murmushin da ka gani ba na daɗi ba ne, da shi suke rufe kunya. Tsohon nan shi ya koya wa dukansu aiki, ko sunansa ba sa kira a gabansa. Hannun kuma, mutane ya ciro daga wuta a masana'antarsu ta can."

Tiyo ya ce da ƙasa ta tsage ranar da ya shige, amma tsawonsa ba zai bari ta rufe ba.

Ya kwana biyu abinci ba ya masa daɗi. Daga baya ya koma wurin nas ya roƙe ta ta koya masa yadda ake ba da haƙuri da yarensu. Ya yi ta maimaitawa a gida har yara suka haddace suna rerawa. Da safe ya je sito, ya tsaya gaban tsohon da yaransa, ya cire hula, ya rusuna, ya faɗi abin da ya koya da murya mai nauyi.

Tsoho ya dube shi. Kafaɗunsa suka fara rawa. Sai ya fashe da dariya, da ya fashe kuwa sai duk sauran suka bi, wani har da dukan kwali. Nas tana share hawaye ta ce, "Ka ja muryar inda ba a ja. Cewa ka yi, Baba, ni tsohuwar agwagwa ce."

Tiyo ya dubi ƙafarsa, ya ga ba ƙarya ya yi ba. Ya taka ɗingishinsa ya zagaya tulin kwali yana karkaɗa gwiwar hannu. Tsoho ya kama shi da hannun nan mai tabo, ya zaunar da shi kusa da shi, aka zuba musu shayi.

Shi da tsohon sun sake jawabin tare a makon. Tsoho ya faɗi yadda aka jibge kaya a bakin ƙofar gudu a masana'antarsu, nas na fassarawa, ba wanda ya motsa. Kafin a tashi aiki an kwashe kwalayen da suka toshe ƙofar bayan siton.

Tun daga lokacin Tiyo kan isa wurin taro da wuri, ya zauna da mai gadi ko mai shara ya tambaya wa ake girmamawa a nan, me ake wasa da shi, me ba a taɓawa. Barkwanci bai bari ba, amma a kansa yake saukewa, ya ce nan ne kaɗai ba a kai ƙara.

Yanzu ya yi ritaya, sai dai bakin bai yi ba. Taron unguwa, taron iyayen yara a makaranta, duk shi ake miƙa wa makirufo. Matarsa kan zauna a layin gaba, sun yi yarjejeniya in ya zarce za ta ja kunnenta. A taron gyaran magudanar ruwa na kwanan baya ta ja har kunnen ya yi zafi. Da suka fito ta tsare shi.

"Baban yara, ba ka gan ni ba ne?"

"Idon ne, Maman yara, ya fara tsufa."

Washegari ta kai shi wurin likitan ido, likita ya duba ya ce ba abin da ya same shi.