Barkono a Kan Solar Jajaye

Duk gidanmu sun ɗauka saurayi ne ya kai ni Jajaye. Ni ƙarya na je kamawa. An ba ni gurbin karatun injiniyan makamashi da lantarki a jami'a, Baba ya ce in ba shi amsa kafin Juma'a, in ba haka ba makarantar jinya zan tafi. Kwas ɗin kuwa bai kwanta mini ba: wai lantarki, kanikanci, sinadarai, har da zaman jama'a. Wannan ai kwamacala ce. Aka ce wani ɗan Jajaye ya gama shi, ya haɗa wa garinsu famfon solar. Na ce sai idona ya gani.

Muna idar da sallar asuba muka bar Karaye ni da yayana, ba mu aika ba, don kar a gyara wurin kafin mu iso. Motar Rogo cike take da buhunan gyaɗa, mu ne ƙari. A tasha muka ci ƙosan da mai ya fi wake yawa. Ɗan acaɓan da zai ƙarasa da mu Jajaye ya tsuga kuɗi wai hanya ta lalace. A nan dai bai yi ƙarya ba.

Muka tarar famfon na ɗiga kamar hancin mai mura, mata sun yi layi da jarkoki. Na ce wa yayana, "Ka gani ko?" Ina ɗaga kai sai ga barkono da kuɓewa an shanya fal a kan farantan solar, sun tare musu rana.

Wata tsohuwa ta ce, "'Yar nan, ai nan ya fi zafi, awaki ma ba sa kaiwa."

Injiniyan yana gefe, yana kafa rumfar shanya da baƙin kwano. Bayan mun gaisa na ce, "Malam, aikin kafinta aka koya maka a jami'ar?"

Ya yi dariya. "Na hana, na roƙa, har mai unguwa ya sa baki. In ban ba su wurin da ya fi wannan ba, gobe za su mayar."

Ban yarda ba. Na zauna ina shan fura har ya gama. Tsohuwar ta taɓa kwanon, ta janye hannu da sauri, ta kwashe barkononta da kanta, sauran suka bi. Can sai ruwa ya ɓalle. Na zaga bayan tanki ko an ɓoye janareta. Babu.

Ana kiran magariba muka shigo gida. Na dai gane sanin waya kaɗai ba ya kawo ruwa, sai ka san masu ɗiban. Na ce wa Baba na karɓi kwas ɗin. Amma kafin in tafi zan sake dira Jajaye ba sanarwa, in ga inda barkonon yake.