Littafin Ishaya da Na Sayar

Kafin in lalace, ni nake kaɗa fiyano a cocinmu da ke Rikoto, cikin garin Zuru. Ba na shan komai, ba na faɗa da kowa, iyaye suna ba ni amanar 'ya'yansu. A haka Mama Rahila, wadda mijinta soja ya rasu a bakin aiki, ta kawo mini ɗanta Ishaya yana ɗan shekara goma, ta ce, "Ga ƙaninka nan, ka koya masa."

Gaskiya babu abin da na koya masa. In ya buɗe baki yana waƙa, coci yakan yi tsit. A farkon shekarun dubu biyu muka ɗauki kaset ɗinsa na farko, rabi da Hausa rabi da yarenmu na C'lela. Kafin damina ta fita ana jin muryarsa a tashar Zuru da kasuwar Bena, har 'yan kabu-kabun Wasagu sun haddace waƙoƙin. Ni nake goya shi a babur zuwa bukukuwa.

Ɓarnata ta farko ƙarama ce. Duk bugun kaset sai in ƙara wasu a ɓoye in sayar, mahaifiyarsa ba ta sani ba. Na ce wa kaina ladan wahalata ne. Ba wanda ya tambaye ni, sai na ci gaba.

Yana shekara goma sha biyar muryarsa ta fashe. A wani biki a Ribah ya ja baiti sama, muryar ta karye, samari suka kwashe da dariya. Ya ajiye makirfo ya sauka. Shekara guda bai sake tsayawa gaban jama'a ba. Sai wata rana ya shigo ɗakina da littafin rubutu irin na 'yan makaranta.

"Yaya, na fara rubuta nawa. Ka saurara mini."

Ya rera su ƙasa-ƙasa. Akwai wadda ya yi wa mahaifinsa, a kan akwatin ƙarfen da aka dawo da shi gida babu mai shi. Tsikar jikina ta tashi. Na san ta fi duk abin da muka taɓa ɗauka. Amma na rufe littafin na ce, "Ishaya, lokacinka ya wuce. Yarintarka mutane suke so. Koma gona ka taimaki Mama."

Ya sunkuyar da kai ya fita, ya bar littafin a kan tabarmata.

A satin na shiga motar Kaduna. Na sayar wa wani mai shirya fim waƙoƙin, na sa hannu cewa ni na rubuta. Da na ga abin babu wuya, sai na wuce Kano na sake sayar da su ga wani. Na dawo Zuru da sabon babur. Ranar Lahadi na zauna gaban fiyano kamar kullum, Mama Rahila tana yi mini barka.

Bayan shekara biyu Ishaya ya koma wurin kawunsa a Kaduna. Ban san ya shiga harkar fim ba.

Wata rana mai shirya fim ɗin nan ya kira ni a waya, ya ce akwai aiki. Na tafi da murna. Da rana tsaka na isa gidan da suke ɗaukar fim, na tsallaka wayoyin lantarki na shiga falo. Mutane sun fi goma, ba wanda ya amsa gaisuwata. A tsakiyarsu Ishaya ne tsaye, ya yi tsawo, fuskarsa da hodar 'yan wasa, idanunsa jajaye.

Alhajin, wato mai shirya fim ɗin, ya ce, "Malam, ka san wannan yaron?"

Na ce, "Sama-sama."

"Mun ba shi matsayin ɗan soja. Muka kunna waƙarka don ya bi da baki, sai ya tsaya cak, ya ce tasa ce."

"Ƙarya yake yi, Alhaji."

Ishaya bai dube ni ba. Alhaji ya sa aka kawo takarda biyu da biro biyu. Ya ce, "Da ma waƙar ba ta da ƙarshe. Kowa ya rubuta mana baitin da zai rufe ta."

Na zauna da biro a hannu. Na rubuta kalma biyu na soke. Ishaya bai taɓa takardarsa ba. Ya rufe ido ya fara rerawa da wata murya mai kauri da ban taɓa ji ba, yana faɗin ranar da mahaifiyarsa ta buɗe akwatin. Mai kyamara ya sauke kansa. Da Ishaya ya gama ya juyo gare ni.

"Yaya, littafin ba shi ne ya fi yi mini ciwo ba. Shekara biyu ina noma ina gaskata maganarka."

Sai wani mutum ya taso daga kusurwa riƙe da takarda mai sa hannuna. Mutumin Kano ne da na sake sayar wa waƙoƙin. 'Yan sanda kuwa suna jira a waje tun kafin in iso.

Kotu ta same ni da laifin zamba, na yi shekara biyu a gidan yari. A can na koyi gyaran rediyo, a can kuma na fara addu'ar da ba ta ganin ido ba. Da na fito na je na durƙusa gaban Mama Rahila. Ta dube ni ta ce, "Shi ya yafe maka tuntuni. Ni ina nan ina roƙon Allah ya ba ni iko."

Yanzu ina da ɗan teburi a bakin kasuwar Zuru. Ishaya yana rubuta waƙoƙinsa, yana fitowa a fina-finai. Sau da yawa in na gyara rediyo na kunna, muryarsa ce take fara fitowa. Mai rediyon yakan tambaye ni ko na san shi, tunda ɗan garinmu ne. Nakan ce na san shi, ni ne na cuce shi.

Ku matasa, ku ji tsoron ƙaramin abin da kuke ɗauka don ba mai gani, domin hannu sabawa yake yi. Kuma duk ranar da wani ya kawo muku abin da ya fi naku kyau, ya ce ku duba masa, ku gaya masa gaskiya.