Kabarin Kawu Sale da na bar wa teku

Shekara tara ke nan cif da rasuwar Kawu Sale, yayan mahaifiyata, kuma sai bana na iya ɗaukar alƙalami a kansa. Ba don na manta ba. Kunya ce ta hana ni.

Kawu mutumin Mawashi ne, ta ƙasar Kusada. Tun yana saurayi ya tafi cirani kudu, ya faɗa sana'ar sayen bandar kifi, har ya zauna a wani ɗan ƙauye na bakin teku da 'yan arewa ke kira Zangon Yashi. Duk shekara yakan zo gida bayan girbi. Ni kuwa malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Kankiya, shi ya sa ya laƙaba mini Malam Taswira.

Da ya zauna a zaurenmu sai ya ɗauki kara ya share ƙasa ya zana mini garin. Siririn tudun yashi ne, teku a gabansa, wani tafki mai zartsi a bayansa, ba a shigarsa sai da kwalekwale. Ga layin bishiyoyin kwakwa, ga rijiya ɗaya tak mai ruwan daɗi, ga masallacinsu na kara. Ya ce masunta ne suka fara kafa bukkoki a wurin, suna bin gaɓa daga yamma, daga baya fataken kifi Hausawa suka roƙi gefe aka ba su. In na tambaye shi yawan mutanen, sai ya yi dariya ya ce can ba a ƙirga kai, murhun banda ake ƙirgawa. Lokacin kifi hayaƙi ko'ina, in kifi ya ja baya rabin garin ya watse. A ƙarshe yakan dangwala karan a gefen teku, ya ce nan ce maƙabartar baƙi, nan aka ba su.

Sau nawa ya ce in zo in gani da idona in rubuta, tun da a taswirorin makarantarmu babu ko ɗigon garin. Kullum amsata ita ce sai hutu mai zuwa. An ce zumunci a ƙafa yake, ni nawa a baki ya tsaya. Da ya rasu can aka binne shi, mu muka karɓi gaisuwa a Mawashi.

Shekara huɗu bayan haka limamin zangon, Malam Isa, ya kira ni a waya. Ya ce teku ta fara cin gefen maƙabarta, malamai sun ce ya halatta a mayar da mamatan bayan tudu, amma ba za su taɓa kabarin kowa ba sai danginsa sun yarda, kuma sun fi son ɗaya daga cikinmu ya tsaya a wurin. Lokacin damina ta kankama, ga jarrabawa a makaranta, ga gyaɗata tana jiran noma na biyu. Sai na ce masa a dakata zuwa kaka, ai ruwa cika yake yi ya koma.

Haka na sani tun ina yaro. Gulbin da ke bayan gonakinmu yakan yi ambaliya a watan Agusta, kafin sanyi ya shigo sai ka ga mata na tonon yashinsa suna neman ruwa. Da wannan idon na kalli teku, ni da nake tsayawa gaban allo ina koyar da zaizayar gaɓa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma nawa ma ba ƙaramin sani ba ne, son jiki ne na lulluɓe da ilimi.

Malam Isa ya ce, "Malam, wannan ruwan ba ya mayar da abin da ya ɗauka."

Na je bayan an sare dawa, karo na farko a rayuwata. Na gane garin tun daga cikin kwalekwale, kamar yadda kara ya zana shi a zaure. Kwakwa na nan, rijiya na nan. Waɗanda danginsu suka amsa an mayar da su bayan tudu. Da na tambayi na Kawu, liman ya miƙa hannu ya nuna mini wani wuri cikin ruwa, inda igiya ke karyewa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yau da Kawu zai dawo, na san zai yi mamakin yadda ɗalibaina ke buɗe waya su ga kowane lungu na duniya daga sama. Zai ce a nemo masa Zangon Yashi. Zai ga masallacin ya ja baya, murhun banda sun ragu, matasan zangon sun koma acaɓa a birni. Sai kuma ya nemi inda ya dangwala karansa, ya ga shuɗi. Abin da zai ce mini a nan ne ban iya hasashensa, don bai taɓa yi mini faɗa ba.

Shekara biyar na ɓoye wa Inna, mahaifiyata. Duk lokacin da ta ce ko an gyara kabarin ɗan'uwanta, sai in ce yana nan lafiya. Makon jiya na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na durƙusa na faɗa mata duka, har da maganar gulbi. Ta ture gyaɗar gefe ta dube ni.

"Shi Sale bai ɓace ba," in ji ta. "Wanda ya yi ƙasa shi ya yi ruwa, ya san inda bawanshi yake. Abin da ka hana ni shi ne addu'ar da zan yi mashi tun ran da ruwan ya ɗauke shi."

Kawu bai bar gida a kudu ba, bai bar kabari ba. Abin da ya rage shi ne zanen nan na zaure, wanda yanzu nake yi wa kowane aji da alli kafin mu buɗe littafi. Ina zana kwakwa da rijiya da masallaci. In na zo kan maƙabarta, nakan sa ɗigon a cikin ruwa, in gaya musu wanda ya bar shi can.